Yadda Ake Cusasshen Ƙwai da Paya da Yajin Cicinga

Duk wanda ya taɓa zama a mota a tashar Kejetiya ta Kumasi, a Ghana, yana jiran ta cika ya san mai tallar "kosuwa ne meko", wato dafaffen ƙwai da barkono. Tire a ka, ƙwai jere sun sha gishiri, ɗan bokitin barkono a tsakiya. Kina ɗaga hannu za ta sauke, ta ƙwanƙwasa ƙwan da gindin wuƙa, ta ɓare shi, ta tsaga shi biyu, ta ɗora niƙaƙƙen barkono da tumatir da yankan albasa a tsakiyarsa. Abin da zan koya miki yau ɗan'uwan wannan ne, sai dai shi an yi masa kwalliya don ya hau tiren baƙi: a dafa ƙwai, a raba shi biyu, a cire gwaiduwar a haɗa ta da kayan ɗanɗano, a mayar da ita gurbinta.

Sunan da Turawan Ingila da Amurka suka ba shi, in an fassara, ƙwan shaiɗan ne, domin tun ƙarni na 18 haka suke kiran abincin da aka cika wa yaji. Ni ba na kai wa baƙona abinci da wannan suna, cusasshen ƙwai nake ce masa. Ba ma baƙon girkin Musulmi ba ne. A wani littafin girki na Andalus na ƙarni na 13 akwai shi, ana kwaɓa gwaiduwar da ruwan albasa da kayan ƙamshi da mai, a mayar, a haɗe ɓari biyun da tsinke.

Yadda aka saba yinsa yanzu, mayonis ake zabga masa, kusan cokali 8 ga ƙwai 12. Mayonis kuwa yawancinsa mai ne, cokali ɗaya yana kusantar kalori 100. Shi ya sa mutum ke cin ɓari biyu ya ji ya ginsa. Shekaru ke nan ina yi wa taron suna da walima da buɗa-baki a unguwannin Aboabo da Asawasi na Kumasi, kuma na daɗe da ajiye kwalbar mayonis. Paya, wato fiya (avocado), da tataccen kindirmo nake sawa. Gram 100 na paya kalori 160 ne ko kusa da haka, man da ke cikinta kuma irin wanda likitoci ke yabawa ne saboda zuciya. Abin da ya fi jan hankalina ma ba lissafin ba ne. Ɗanɗanon ya fi wartsakewa, tsamin lemo da ƙamshin yaji suna fitowa sarai, dattijuwar da ba ta son maiƙo ma sai ki ga ta sake miƙa hannu.

KAYAN AIKI

Tukunya mai faɗi wadda ƙwai 14 za su kwanta a ciki ba tare da wani ya hau wani ba. Ludayi ko babban cokali. Roba babba ta ruwan sanyi. Wuƙa mai kaifi, siririya, ba mai haƙora ba. Rariya ko matacin ƙarfe. Ƙyalle fari mai tsabta na tatar koko. Leda mai kauri, sabuwa, da almakashi. Tire ko faranti mai faɗi. Agogo, ko na waya ne.

Sai asanka, kaskon ƙasa na niƙa wanda mutanen Kumasi ke ce wa apotoyewa, da tapolinta, wato ɗan katakon da ake murzawa da shi. Idan babu, kwano da cokali mai yatsu sun isa, amma ƙurajen cikin asanka suna murje barkono da gwaiduwa yadda cokali ba ya iyawa. Ki tabbata ba wadda aka niƙa momoni, kifin nan mai gishiri da wari, ko wani kifi a cikinta jiya ba ce, domin ƙasa tana riƙe wari. Ni ina da wata ƙarama da na ware don irin wannan aiki kaɗai.

KAYAN HAƊI

Wannan awon na ƙwai 12 ne, wato ɓari 24, zai ishi mutum 8 zuwa 12 idan akwai wani abinci a gefe.

Ƙwai 12, ki ƙara 2 saboda tsautsayi.
Paya nunanniya, tsokarta kimanin gram 150. Irin manyan nan namu rabin ɗaya ya isa.
Tataccen kindirmo ko yogot marar sukari, babban cokali 4.
Lemun tsami 2.
Albasa ƙarama, kwata.
Kpakpo shito, wato ƙaramin koren barkono, 2, ko rabin attaruhu.
Tafarnuwa ƙwaya 1, ƙarama.
Yajin cicinga, wato yajin tsire, ƙaramin cokali 2.
Gishiri, rabin ƙaramin cokali.
Lawashi ko ganyen albasa, kaɗan.
Tumatir mai tauri 1.
Kabeji ko latas na shimfiɗa.
Ƙanƙara, ko ruwan leda 4 da suka daskare.

Mustad ƙaramin cokali 1 yana ƙara armashi in kina da shi. In babu, kada ki je kanti dominsa.

1. ZAƁEN ƘWAI

Nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba su kunna wuta ba. Sabon ƙwai, wanda kaza ta saka jiya ko shekaranjiya, shi ne mafi wuyar ɓarewa. Fatar nan siririya da ke ƙarƙashin ɓawo tana manne wa farin, kina ja tana tahowa da tsoka, ƙwan ya fito duk rami-rami. Wanda ya kwana 7 zuwa 10 shi ake so. Ƙwan da ke shigowa kasuwannin Kumasi daga gonakin kaji na kewaye da na Dormaa Ahenkro yakan iso da wuri, don haka ki tambayi mai sayarwa yaushe kiret ɗin ya zo. Idan taron Asabar ne, ni tun Asabar ɗin da ta gabace ta nake saye in ajiye a wuri mai sanyi, nesa da murhu.

Kafin ki dafa, ki zuba ruwa a roba ki saka su. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne. Wanda ya nutse amma ya ɗaga kai, shi ne namu. Wanda ya taso sama yana yawo, ki fitar da shi waje ki yar, baragurbi ba a gwada shi a baki. Mai tsaga ma ki ware shi a soya wa yara. Idan akwai kashin kaza a jikin ɓawo, ki wanke a lokacin da za ki dafa, ba tun ranar da kika saya ba.

Da damina ƙwan zabi yakan sauko daga Arewa, wajen Tamale da Bolga. Gwaiduwarsa ta fi launi da daɗi, amma ƙarami ne kuma ɓawonsa tauri gare shi. Idan da shi za ki yi, ki ƙirga 16 a madadin 12.

2. TATAR KINDIRMO

Wannan shi za ki fara, domin yana cin lokaci. Ki shimfiɗa ƙyallen a kan rariya, ki ɗora rariyar a kan kwano, ki zuba kindirmo kofi ɗaya, ki rufe ki sa a firji awa 2 zuwa 3. Ruwan tsamin zai tsane ƙasa, abin da ya rage a ƙyalle ya yi kauri har cokali ya iya tsayuwa a ciki. Idan kika tsallake wannan, haɗinki zai tsinke, ya riƙa gangarowa daga cikin ƙwan tun kafin tire ya kai falo.

Ki karanta jikin robar yogot da kyau. Yawancin wanda ake sayarwa a shagunanmu mai sukari ne, wani ma da ƙamshin banila, kuma cokali ɗaya nasa ya isa ya ɓata miki aikin gaba ɗaya. Idan nonon da ake dama fura da shi za ki saya, ki saya wurin wadda kika san tana tafasa madararta kafin ta kwana, musamman in akwai mai ciki ko ƙananan yara cikin masu ci. Idan babu ko ɗaya, ki ƙara paya gram 50, da babban cokali 1 na man gyaɗa mai kyau ko man zaitun, da ɗan ƙarin lemo. Zai yi.

3. DAHUWA

Duk kyan cusasshen ƙwai a tukunyar nan yake, don haka ki ba ni hankalinki.

Ki zuba ruwan da zai sha kan ƙwan da kamar gaɓar yatsa biyu, ki bari ya tafasa tukuna. Na san a gida mun taso muna ganin ana zuba ƙwai a ruwan sanyi a ɗora a wuta. Yana dahuwa, amma wanda aka saka a tafasasshen ruwa ya fi sauƙin ɓarewa nesa ba kusa ba, domin zafin farat ɗaya yana kama farin kafin ya manne wa fatar. Na gwada hanyoyin biyu a kiret ɗaya sau da yawa, ban taɓa ganin ta farko ta yi nasara ba.

Ruwa na tafasa sai ki rage wuta. Ki ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya a ludayi, ki sauke shi har ƙasan tukunya a hankali. Kada ki jefa. Idan daga firji kika ciro su, ki bar su a waje minti 20 kafin nan, in ba haka ba wasu za su tsage. Da na ƙarshe ya shiga ki duba agogo. A minti biyun farko ki riƙa juya su a hankali da bayan ludayi, suna mirginawa. Wannan juyin ne ke sa gwaiduwa ta zauna a tsakiya. Idan ta kwanta gefe ɗaya, bangon farin a wajen zai yi siriri kamar takarda, kina cire gwaiduwa ya yage.

Minti 12 ga manyan ƙwai, 11 ga matsakaita, 10 ga ƙwan zabi. Ruwan ya riƙa tafasa a hankali, ƙananan kumfa suna tasowa. Idan yana ɓararraka, ƙwan zai yi ta karo da juna yana fashewa. A kan gas wannan ba wuya. A kan kurfoti kuwa, ki janye garwashi biyu ko uku gefe da zarar kin saka ƙwan, ki daina fifita, ki ɗan karkace murfin.

Kin san koren zoben nan mai duhu da ke zagaye gwaiduwa, da ƙarnin da ke biyo shi? Alamar an wuce lokaci ce. Akwai sinadarin ƙarfe a gwaiduwa, akwai farar wuta a cikin farin, zafi mai tsawo ne ke haɗa su. Ba ya cutarwa, amma gwaiduwar takan bushe ta yi gari, launin haɗin kuma ya dushe. Kada ki ce bari in ƙara minti biyar don in tabbata. Minti 12 ya dafa shi har tsakiya, ba sauran danshi.

4. SANYAYAWA DA ƁAREWA

Tun ƙwai na wuta ki tanadi robar ruwa da ƙanƙara. Lokaci na cika ki kwashe su kai tsaye zuwa ciki, su yi minti 15. Idan babu ƙanƙara, ruwan randa ko na famfo ya isa, sai dai ki sauya shi sau uku ko huɗu da zarar kin ji ya yi ɗumi. Abin da ake so dahuwar ta tsaya nan take.

Ki ƙwanƙwasa gindin ƙwan, wato wajen da ya fi faɗi, domin nan iska take. Ki mirgina shi a kan tebur da tafin hannu, ba da ƙarfi ba, har ɓawon ya farfashe ko'ina. Ki fara ɓarewa daga gindin, ki tabbata yatsanki ya shiga ƙarƙashin fatar nan, sannan ki ci gaba a cikin ruwa. Ruwan yana kutsawa tsakanin fata da fari yana taya ki. Wanda ya yi gardama, ki zura ƙaramin cokali tsakanin ɓawo da ƙwai ki zagaya da shi. Ki ɗauraye, ki jera a kan ƙyalle mai tsabta su tsane sarai. Jiƙaƙƙen ƙwai santsi gare shi, ba ya zama a faranti.

Wanda ya yage kada ya dame ki, dominsa muka ƙara biyu. Gwaiduwarsa ta shiga haɗi, farin kuma ki daddatsa shi cikin salak.

5. YANKA

A tsaye ake raba shi, daga kai zuwa gindi. Ki danna wuƙar sau ɗaya ta sauka, ba a yi masa yankan zarto. Bayan kowane ƙwai ki goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, in ba haka ba gwaiduwar na baya za ta shafe farin na gaba. Idan wuƙarki ba ta da kaifi, zaren ɗinki mai tsabta yana yanka shi sumul: ki zagaya shi a jikin ƙwan ki ja bakin biyu.

Ki ɗan matsa gefen farin da yatsu biyu, gwaiduwar za ta faɗo da kanta cikin kwano. Sannan ki juya kowane ɓari ki shafce ɗan siririn yanki daga bayansa, kamar faɗin farce, don ya sami gindin zama. Ki rufe fararen ki sa su a firji.

6. HAƊIN

Ki fara da kayan yaji. Ki cire 'ya'yan kpakpo shito, ki sa a asanka da tafarnuwa da gishirin, ki murje su sai sun zama kamar man shafawa. Na fi son kpakpo shito a nan saboda ƙamshinsa ya fi zafinsa, ga shi kore, ba ya ɓata launin paya. Attaruhu zafinsa ya fi, ki fara da kaɗan. Albasar kuma ki gurza ta, ki matse mata rabin lemo, ki bar ta minti 5 gafinta ya mutu. Ɗanyar albasa da aka zuba haka nan, bayan awa ɗaya warinta zai danne komai.

Ki zuba gwaiduwar a kan barkonon ki murje. Idan kina son ya yi laushi irin na otal, ki danna gwaiduwar ta cikin rariya da bayan cokali, za ta sauko kamar tankaɗaɗɗen gari. Muhimmin abu, ki murje ta tun tana busasshiya. Idan kika zuba mai ruwa-ruwa kafin nan, gudajin da suka rage ba za su mutu ba ko kin kwana kina juyawa.

Sai paya. Wadda ake so ita ce wadda in kin danna kusa da hancinta da babban yatsa za ta ɗan lotsa, ba ta yi luguf ba. Ɗanya ɗaci gare ta kuma ba ta murjuwa. Wadda ta wuce nuna tana da baƙaƙen jijiyoyi da wani ɗanɗano mai kama da tsohon mai. Akwai kuma wani abu da ya kamata ki sani game da payarmu: wasu manyan masu santsin baya ruwa ne ya yi musu yawa, wasu kuma tsokarsu rawaya ce mai maiƙo kamar man shanu. Ta biyun ake nema. Matan da ke kasa ta a kasuwar Asafo da Bantama sun san kayansu, ki ce mai maiƙo kike so, galibi za su zaɓa miki. Idan mai ruwan ce ta faɗo hannunki, ki rage kindirmo zuwa cokali 2.

Kada ki yanka ta sai kin zo nan. Kina yankawa ki kwashe tsokar, ki matse mata lemo ɗaya nan take. Iska ce ke mayar da paya baƙa, tsamin lemo kuma yana jinkirta hakan. Ki murje ta daban, ki juye kan gwaiduwa, ki zuba albasar da ruwanta, da ƙaramin cokali 1 na yaji, da mustad in akwai. Kindirmo shi ne na ƙarshe, cokali ɗaya ki juya, ki duba, sannan ki ƙara. Kaurin da ake so: ki ɗebo da cokali ki kifa shi, haɗin ya ɗan tsaya kafin ya faɗo, inda ya faɗi kuma ya zauna da tsininsa. Idan ya yi tauri, ɗan kindirmo ko ruwan lemo. Idan ya tsinke, ki murje wata gwaiduwa ki ƙara, ko ƙaramin cokali na garin ƙuli-ƙuli.

Ki ɗanɗana, amma ba a cokali kaɗai ba. Ki shafa kaɗan a kan guntun farin ƙwai ki ci, domin farin lami ne, yana shanye ɗanɗano. Abin da kika ji daidai a cokali, a cikin ƙwai zai yi rauni. Idan kin ji kamar da saura, ki fara ƙara lemo kafin gishiri. Sau da yawa tsami ne ya gaza.

Maganar yaji. Wanda ake saye wurin masu cicinga yawanci an riga an sa masa gishiri da dunƙulen magi mai yawa, don haka ki lasa kafin ki sa gishirinki. Idan a gidanku akwai mai hawan jini, gara ki daka naki: ƙuli-ƙuli babban cokali 3, busasshiyar citta ƙaramin cokali 1, barkono ƙaramin cokali 1, masoro da kanumfari ɗan kaɗan, ki daka ki tankaɗe. Kuma ki tuna akwai gyaɗa a ciki. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, har numfashi takan toshe musu. Ki faɗa wa baƙi, ko ki ware wasu ɓari ki barbaɗa musu garin tattasai kawai.

7. CUSAWA DA KWALLIYA

Ki tsayar da ledar a cikin kofi, ki naɗe bakinta a kan kofin, ki zuba haɗin. Ki tattara shi zuwa kusurwa ɗaya, ki murɗe sama, ki datse kusurwar da almakashi kamar faɗin ɗan yatsa. Ki matsa daga sama, bakin ledar yana cikin ramin, ki cika shi har ya yi tozo. Ki fara da madaidaici a kan duka 24, abin da ya saura ki zagayo da shi. Idan kika cika wa na farko hannu, na ƙarshe za su tashi fayau. Cokali biyu ma suna yi, ɗaya ya ɗebo ɗaya ya ture.

Ki yanka kabeji siriri ki shimfiɗa a tire, shi zai riƙe ƙwan kada ya zame. Ki jera. Ki ɗebi sauran yajin da yatsu uku ki barbaɗa daga sama, hannunki nesa da tiren kaɗan don ya bazu. Tumatir ki cire ruwansa da 'ya'yansa, ki yanka tsokar ƙanana, ki ɗora ƙwaya biyu ko uku a kan kowane ɗaya, sai lawashi. Kore, ja da ruwan ƙasa a kan fari. Ba ya buƙatar fiye da haka.

8. AJIYA DA ƊAUKA

Wannan matakin da tsada na koye shi. Wata shekara da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, na karɓi aikin sunan 'yar wata maƙwabciyata. Kiret biyu, ƙwai 60. Na cusa su tun bayan sallar asuba na jera a firji don in sami sararin shinkafa. Ƙarfe bakwai aka ɗauke wuta. Da na buɗe wajen azahar, saman haɗin ya yi baƙi-baƙi, ruwa ya kwanta a gindin tire, firjin kuma ɗumi. Uwar mai jego ta leƙo ta ce, "Hajiya, ko a kankare saman a ƙara yaji?" Na ce, "Mma, ki yi haƙuri, akwai yara da tsofaffi a gidan nan, ba zan kai shi ba." Na zubar da shi duka, na mayar mata da kuɗin. Har yau in na tuna tiren nan sai raina ya sosu, amma ban yi nadama ba.

Ƙa'idar ita ce, dafaffen ƙwai da aka ɓare kada ya wuce awa 2 a waje. Idan zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi mana a watan Fabrairu da Maris, awa 1 ne. Ƙwayoyin cuta suna son ƙwai da nono, kuma ba lalle ne hanci ya ji alama ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Ana gobe taro in dafa ƙwan, in bar su cikin ɓawonsu a firji. Haka suna iya kai mako ɗaya. Da safe in ɓare in yanka, fararen a roba mai murfi. Haɗin in yi shi awa ɗaya ko biyu kafin ci, in zuba a leda, in matse iskar duka in ɗaure ba tare da na datse kusurwa ba. Tunda iska ba ta shiga, korensa yana nan. Idan wani gida za a kai, roba da leda su shiga kula tare da daskararren ruwan leda, almakashi da yaji a jaka. A can nake cusawa, minti 10 ya ishe ni. Da azumi kuwa sai ana saura kwata a kira magariba nake datse ledar. Kuma ba na fitar da duka lokaci ɗaya, tire ɗaya ya ƙare sannan wani ya fito.

Wanda ya yi saura kuma bai daɗe a waje ba, ki rufe ki sa a firji, a cinye washegari. Wanda ya wuni a kan tebur a zubar.

IDAN KINA SON SAUYI

Lokacin da paya ta yi wuya ko ta yi tsada, ki ɗauki sadin gwangwani 1, ki tsiyaye man sarai, ki murje shi cikin gwaiduwar da kindirmo cokali 6 da lemo. Ki rage gishiri. Wannan maza sun fi so, kuma ba ya baƙi.

Shito, soyayyen barkonon nan baƙi, ma yana shiga, amma a sama, ɗigo ɗaya da bakin cokali a madadin yaji. Mai da gishirinsa suna da yawa, in kika kwaɓa shi ciki launin zai koma na laka.

Garin zogale rabin ƙaramin cokali yana ƙara kore da amfani. Fiye da haka bauri zai fito. Daddawa kuma, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, a gasa a daka, tana maye gurbin magi sosai, sai dai ba kowane baƙo ne ya saba da ita a abinci mai sanyi ba, don haka a gida nake sa ta.

Ranar da nake son tiren ya ɗauki ido, karan dafin da muke dafa wake da shinkafa da shi nake tafasawa a ruwa kofi 4 har ya yi ja sosai, in tace, in bari ya huce, in jiƙa ɓararrun ƙwan a ciki awa 1 a firji kafin in yanka. Bayan yakan yi ja mai duhu, ciki kuma fari tas, ga koren paya a tsakiya. Ki tsane su da kyau kafin wuƙa ta hau, kuma kada ki sa kanwa a ruwan, domin ɗanɗanonta yana kama farin ƙwai.